Wadda Take Giftawa da La'asar

Akwai wani dattijo a unguwar Kwarbai cikin birnin Zariya, ana ce masa Malam Isma'ila mai ɗinkin riga. A zamaninsa, in ya gama wa babbar riga aiki, har daga Kano ake zuwa ɗauka. Sai yanar ido ta rufe masa idanu biyun, duniya ta koma masa kamar mai hangen gari ta cikin hayaƙin murhu.

Likita ya ce aikin cire yanar ba wani babba ba ne, amma in aka ci gaba da jan ƙafa, ganin na iya tafiya gaba ɗaya. Malam ya ce shi dai a ƙyale shi.

'Yarsa ta fari, Zakiyya, lauya ce, tana aure a Tukur-Tukur. Baki kam Allah ya yi mata shi, in ta miƙe a kotu har masinja sai ya tsaya saurare. Don haka ta ɗauka mahaifinta ma shari'a ce da za ta gama da ita kafin azahar.

Ranar nan ta faɗa zaure yana zaune da abokansa, ta jero masa hujjoji tiryan-tiryan: ga abin da likita ya ce, ga yawan waɗanda aka yi wa suka warke. Gaskiya ta faɗa, babu ƙarya ko ɗaya. Abin da ta manta shi ne ita 'yar fari ce. Mutumin da kunya ba ta taɓa barin sa ya kira sunanta ba, shi ne zai amsa mata a gaban mutane?

Malam ya juya fuska wajen bango, ya ce wa abokansa, "Ku ce wa yarinyar nan Allah ya yi mata albarka."

Ta fita ranta a ɓace, ga kuma tsoro fal cikinta, kada mahaifinta ya makance tana ji tana gani.

Tun rasuwar mahaifiyarta Hajo, Zakiyya ba ta fasa zuwa gidan da la'asar ba. Takan yafa tsohon mayafin marigayiyar, ta ratsa tsakar gida shiru, ta share ɗakinta. Wata la'asar tana bayan ƙofar zaure, sai ta ji Malam yana magana ƙasa-ƙasa da amininsa Alhaji Yari.

Ya ce shi ba wuƙar likita yake tsoro ba. Tun da idon ya dushe, kullum in rana ta yi sanyi, haske yakan zama ruwan zuma, bangon gida ya narke, sai ya hangi Hajo ta gifta da mayafinta za ta ɗaki. Ba ta magana, shi ma ba ya yi. "In aka wanke idon nan, Yari, ina jin shi ke nan na rabu da ita."

Tausayinsa ya kama Zakiyya. Ashe duk surutun da ta sha, tambayar da ba a yi mata ba take ta amsawa.

Ta sami Alhaji Yari a gidansa, ta durƙusa ta roƙe shi ya yi wa Malam magana, domin shi ma bara aka yi masa aikin. Washegari da zauren ya watse, ya zauna kusa da Malam ya ba shi labarin nasa idon a hankali, har da yadda ya koma karanta Alƙur'aninsa da kansa. Malam ya saurara, don maganar wanda ya ɗanɗana ce.

Sannan Zakiyya ta matso bayan ƙofa inda ba zai ji nauyinta ba, ta sassauta murya.

"Baba, ka gafarce ni, na ji maganarku ta jiya. Wadda kake gani tana giftawa ni ce, mayafin Inna nake yafawa. Ita tana inda muke yi mata addu'a. Ni kuwa ina nan, kuma ina so ka gan ni."

Can Malam ya share fuska da hannun riga, ya tambayi Alhaji Yari wace rana likitan yake zama.

Ranar da aka cire masa bandeji, Zakiyya na tsaye can gefe, kanta a sunkuye. Malam ya daɗe yana kallon ta, kunyar ma ya manta da ita. Sai ya taɓa amininsa.

"Yari, yaushe yarinyar nan ta fara furfura?"

Darasi: Gaskiya kaɗai ba ta isa ta juya zuciyar mutum ba. Kafin ka buɗe baki, ka saurara ka gano abin da yake tsoro. Ka nemi wanda yake jin maganarsa, ka zaɓi wurin da ba za ka kunyata shi ba, sannan ka kawo hujjarka da taushin murya. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana can yana fama da nasa dattijon.