Mutumin da Ya Toshe Tagogi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙauyenmu na kan duwatsu, ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa na raye. Ya tafi Istanbul da taro da sisi babu, ya dawo cikin mota, wai ya buɗe wurin koɗar da wandon jins. Ana fesa wa sabon wando yashi da mesa har ya yi fari-fari kamar tsoho, a aika wa Turawa, su saya da tsada.

Ya bi gida-gida yana shan shayi, yana ɗibar samari. Inna Nuriye, wadda mijinta ya rasu, ta riƙe hannun ɗanta Bahtiyar ta sa a nasa, ta ce amana. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya karɓa.

Wurin aikin ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa. Da ya ga yashi na fita ta taga yana asara, sai ya sa aka toshe tagogin da bulo. Nan suke aiki, nan suke kwana, bayan labule. Mutum ba ya ganin na kusa da shi don ƙura.

Bahtiyar ya ce, "Kawu, ƙirjina ya yi nauyi."

Ya yi dariya. "Ɗan Inna, sha kindirmo zai wanke. Ko ka fi son komawa bin awaki?"

Shin bai sani ba? Wallahi ya sani. Likita ya gaya masa yashin nan in ya shiga huhu ba ya fita. Ya ɓoye wa samarin, don masu sayen kaya na jira.

Sai samari suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Wanda dā ke hawa dutse da tunkiya a kafaɗa, yanzu tsakanin gida da masallaci sai ya zauna ya huta. Bahtiyar ya rasu bai yi aure ba.

To, shi mai wurin ma fa ya shaƙi yashin. Aka rufe wurin, manyan da yake yi wa aiki suka ce ba su taɓa jin sunansa ba. Aka kawo shi ƙauye da tukunyar iska da roba a hanci, tsawon robar bai wuce bakin ƙofa ba. Tsoro ya kama shi. Yana son zuwa neman gafara, ƙafa ba ta kai shi. Ya yi ta aike gidan Inna Nuriye, ba ta zo ba.

Ranar jana'izarsa, liman ya juyo kamar yadda muka saba, ya tambayi jama'a, "Kun yafe masa hakkinku?" Shiru. Ya sake tambaya, ba a ji komai ba sai tari daga sahun baya. A ta uku, wata murya ta fito daga bayan katanga, inda mata suke.

"Ban yafe ba. Ya je ya tarar da ɗana."

Haka aka ɗauke shi.

Ya 'yan uwa, Allah na yafe laifin da ke tsakaninka da Shi in ka tuba, amma hakkin bawa sai mai shi ya yafe. Kai da ke da mutane a ƙarƙashinka, numfashinsu amana ne a wuyanka. Buɗe musu taga yau, tun kana iya tafiya da ƙafarka ka ba da haƙuri.

Allah ya kiyaye mu da shiga kabari da hakkin wani, amin.