Koci Ogolla da Tsaron Kafaɗa

Akwai wani koci a Kisumu mai suna Ogolla, wanda ke horar da maza da mata wasan faifai a wani fili kusa da bakin tafki. Wasa ne na cilla faifan roba da cafewa. Ba a taɓa jikin juna, ba kuma alƙalin wasa. Wanda ya yi laifi, shi zai faɗa da bakinsa.

Wajen koyar da tsaro Ogolla ba shi da na biyu.

"Kada ka kalli idon abokin karawarka, ido maƙaryaci ne! Ƙugunsa za ka kalla," haka yake ihu duk Asabar. "Toshe masa dama, bar masa hagu, ka ga ko zai iya jifa!"

Amma shekara uku a jere 'yan Kampala na zuwa har gida suna cinye su a wasan ƙarshe. Abin ya tsaya wa Ogolla a rai. Ko tuwon ugali da soyayyen kifi aka ajiye masa, sai ya ji kamar ƙasa yake ci.

Wata Asabar ya tara su ya ce, "Daga yau tsaro ya canza. Idan abokin karawa ya tashi sama, sa masa kafaɗa. Idan ya yi ƙorafi, ka ce ba ka taɓa shi ba. Wa zai busa maka usur?"

Awuor, malamar firamare ce kuma kyaftin ɗinsu, ta ce, "Koci, kai ka koya mana cewa a wasan nan bakin mutum shi ne alƙalinsa."

"Malama, wa'azi sai a aji. Nan kofi muke nema. In ba za ki iya ba, ga benci can."

Ta koma benci. A gurbinta ya ɗora Wekesa, ɗan acaɓa mai tsalle kamar barewa, wanda ko wuta Ogolla ya ce ya shiga zai shiga.

Ranar wasan ƙarshe dabarar ta yi aiki. 'Yan Kampala suka rikice, faifai na ta suɓuce musu. Ogolla na gefe yana murmushi.

Saura ci biyu, aka cilla wa Kiggundu, gwanin 'yan Kampala, faifai can sama. Wekesa ya makara, ya san ba zai kai ba.

"Bangaje shi!" Ogolla ya daka tsawa.

Wekesa ya bangaje shi. Kiggundu ya faɗo a kan ƙafa ɗaya. Har daga gefen fili an ji ƙarar gwiwar.

Aka ɗauke shi zuwa asibiti. 'Yan Kampala suka ce sun bar wasan, a riƙe kofin. Duk da haka suka shiga da'irar da ƙungiyoyi biyu kan yi bayan wasa, kafaɗa da kafaɗa. Kyaftin ɗinsu ya dubi Wekesa ya ce, "Tambaya ɗaya, ɗan'uwa. Faifan ka nufa?"

Ogolla ya kafe Wekesa da ido. Wekesa ya fashe da kuka.

"Ba faifai na nufa ba. Wata uku muna koyon wannan."

Ba wanda ya zagi Ogolla. Da zagin aka yi, da ya fi masa sauƙi. Hannuwan da ke kafaɗarsa ne kawai suka sauka, na dama da na hagu.

Asabar ta gaba ya zo da jakar faifai, ya jera alamomin fili. Ya jira har rana ta take. Awaki kawai suka zo.

Ya bi Wekesa tashar acaɓa.

"Ka dawo, mu fara daga farko."

"Koci, likita ya ce Kiggundu zai yi tafiya, amma gudu ya ƙare. Ina tuƙi ina jin ƙarar nan. Jiya saura kaɗan in kaɗe wata tsohuwa." Ya tada babur ya tafi.

Ogolla ya je makarantar Awuor, ya jira aka tashi.

"Na yi kuskure, Malama. Faɗa mini hukuncina in ɗauka. Dakatarwar shekara ce? Biyu?"

"Wa zai dakatar da kai? Babu kowa, Koci. Na rubuta wa ƙungiyar Nairobi, na rubuta wa ta Mombasa, ko za su zo mu buga. Amsarsu ɗaya ce: ba za su sa mutanensu fili ɗaya da wanda ka horar ba. Har da ni, da nake kan benci."

"To in na je Kampala na roƙi Kiggundu gafara?"

"Ka je, ya kamata. Wataƙila ma ya yafe maka. Amma kai tun farko ka buga wasanka ka gama. Shi shekararsa ashirin da uku."

Ta tattara littattafan ɗalibanta ta wuce.

Darasi: Inda babu mai sa ido, nan ake sanin ainihin halin mutum. Kai da aka ba amanar koyarwa, ka sani muguwar dabarar da ka dasa a hannun wani ba kai kaɗai za ta ci ba, kuma akwai ɓarnar da "yi haƙuri" ba ya gyarawa. Ku tura wa duk wani koci, malami ko uba da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya tsaya kafin ya makara.