Malam Tahiru Direba da Jirgin da Bai San Shi Ba

Akwai wani dattijo a garin Filinge da ke ƙasar Kurfai, Malam Tahiru, da ya shekara talatin da huɗu yana jan mota tsakanin Filinge da Yamai, ta hanyar Baleyara. Ya ajiye tuƙi yanzu, amma bai ajiye tasha ba. Kullum da hantsi yana kan bencinsa, yana raba gardamar direbobi.

Abin da ya yi suna a kai shi ne bai taɓa barin fasinjan da ya biya ba. In ka biya ka ɗora buhu ko ɗankwali a kan kujera, ka kama wuri ke nan. Ko ka shige kasuwa ka manta da kanka, Tahiru zai kashe mota ya jira, sauran fasinja na ta tsaki. Haka tashar take, kuma haka ya ɗauka duk duniya take.

Matarsa Hawa ba ta taɓa wuce Yamai ba. Ta sha cewa ita ba ta yarda akwai ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa ba, sai ta gani da kanta.

Autarsu Najiba ta riƙe wannan magana. Ta yi karatun haɗa magunguna a Turkiyya, ta samu aiki a Santambul, ta yi aure a can da wani ɗan garin Damana mai suna Naziru. Da ta samu hali, sai ta biya wa iyayenta yawon kwana bakwai a babban jirgin ruwa, irin mai ɗakunan kwana da wurin cin abinci a ciki. Daga Santambul yake tashi, ya zaga garuruwan bakin teku, ya dawo. Ta ɗauki hutu ta zo gida don ta tafi da su da kanta.

To, a nan maganar take. Kafin ka hau jirgin ruwa sai ka hau na sama ya kai ka inda yake, kuma hanya biyu ce. Ko ka bar wa kamfanin jirgin ruwan ya yanka maka tikitin sama, ko ka yanka da kanka. Na kamfanin da Najiba ta samu ya fi tsada, kuma su ke zaɓa maka rana, amma sun rubuta cewa in jirgin sama ya makara, su ne za su san yadda za su yi ka tarar da na ruwa. In da kanka ka yanka, ka samu sauƙi, ka zaɓi ranar da kake so, sai dai duk abin da ya faru a hanya naka ne.

Najiba ta zauna a tsakar gida ta yi wa mahaifinta wannan bayani dalla-dalla. Ta ce na kamfani zai sauke su kwana biyu kafin tashin jirgin ruwa.

"Kwana biyu?" in ji Tahiru. "Mu yi mi da su? Mu zamna muna kallon ruwa shina kallonmu?"

"Baba, don kada a samu matsala ne."

"Ke Auta, tun ba a haihe ki ba nike kai mutane inda za su. Yau wani kamfani da bai san hanyar Baleyara ba zai koya mani tahiya?"

Hawa tana gefe tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, hanyar Baleyara ba ta bi ta sama ba."

Ya yi kamar bai ji ba.

Gaskiyar magana, ba sauƙin kuɗi kaɗai ya ja shi ba. Ranar kamfani ta faɗo kafin ranar kasuwa, shi kuwa yana so ya zauna a tasha ranar da ta cika maƙil, mutanen Abala da na ƙauyukan Kurfai duk sun hallara, ya yi sallama da kowa a san inda za shi.

Ya kira wani tsohon fasinjansa mai sayar da tikiti a Yamai. Mutumin ya samo masa tikitin jirgin da zai bi ta wata ƙasa, a sauya jirgi, ya sauka Santambul ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ranar tashin jirgin ruwa. Ƙofar jirgin ruwan ƙarfe huɗu ake rufe ta. Shi kansa mai tikitin ya ce masa, "Malam, lokacin ya matse, ka ɗauki na jiyansa." Tahiru ya ce awa biyar ta ishe shi ya je Yamai ya sauke kaya ya sha shayi.

Najiba ta roƙe shi har ta gaji. Daga ƙarshe ta ce, "To Baba, ni da Inna za mu bi na kamfani."

"Ku bi. Ku kama mani wuri, ina nan tahe."

Ya shiga ɗaki ya fito da rawaninsa, ya miƙa wa Hawa. "In kunka shiga, ki aza wanga bisa kujerata."

Najiba ta buɗe baki za ta yi magana, uwarta ta taɓa mata ƙafa. Hawa ta karɓi rawanin ta ninke ta sa a jaka.

Ranar kasuwa Tahiru ya yi sallamarsa yadda yake so. Abokinsa Magagi, wanda suka yi tuƙi tare tun suna samari, ya ce masa, "Kai da ko tabki ba ka ƙetarawa sai ka naɗe wando har cinya, kai za ka teku?"

"Ka zamna nan ka tsare mani benci, baƙauye. In na dawo in ba ka labari."

"To in sun tashi sun bar ka hwa?"

"A bar wanda ya biya? A wace tasha ka taɓa gani?"

Aka yi dariya. Babu wanda ya musa masa, domin a tashar da suka sani gaskiya ya faɗa.

Jirginsa na farko ya makara awa uku kafin ya tashi daga Yamai. Ko da suka sauka inda za a sauya, na biyun ya tafi. Tahiru ya nuna tikitinsa, ya yi bayani da Faransancin tasha, ya ɗaga murya. Wata ma'aikaciya ta saurare shi da ladabi, ta sa shi a jirgin da ke biye. Ya nemi wanda ya sani a cikin dubban mutanen nan, ko mutum ɗaya da zai ce "a'a, ai Malam Tahiru ne." Babu.

Ƙarfe huɗu saura kwata ya fito daga filin jirgin Santambul. Surukinsa Naziru yana tsaye yana jiransa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa waya. Najiba ce, daga cikin jirgin ruwa.

"Baba, sun ce saura minti goma sha biyar su rufe ƙofa. Daga inda kuke zuwa nan ya fi awa ɗaya."

"Kun aza rawanin?"

"Baba..."

"To ba ni direban in yi mai magana."

"Wane direba?"

"Mai jan jirgin mana! Ki ce mai direba ɗan'uwanshi na, na Filinge. Mu ba mu ƙin juna."

Najiba ta ce, "Baba, mutum dubu uku ne a cikin jirgin nan. Mai jan sa ko ganinsa ba a yi. Na je wurin ma'aikatansu, sun duba, sun ce tikitinka na sama ba ta hannunsu ya bi ba, ba abin da za su iya. Na tambaya ko za ka tarar da mu a gari na gaba, takardunka ba za su kai ka can ba."

Sai ya ji motsi, wayar ta koma hannun Hawa.

"Maigida, na ɗauko jakata. Sun ce mai son sauka ya sauka yanzu. Ga ni bakin ƙohwa."

"Kin ga ruwan?"

"Na gani ta taga. Amma akwai gidaje a wancan gehen, ina ganin ƙarshenshi. Auta ta ce sai an hita can ciki. Ba komi. Wata rana."

Tahiru ya san babu wata rana. Ya san shekarun matarsa, ya san shekarun da Auta ta yi kafin ta iya biyan wannan tafiya. A ransa yana so ta sauko. In ta sauko, za su koma Filinge su biyu, a ce jirgi ne ya yi musu rashin mutunci. In ta tafi, kowa zai san wanda ya yi kuskure.

Naziru ya kau da kai, yana duban motoci.

"Hawa," in ji Tahiru, "koma ciki."

"In bar ka a garin da ba ka san kowa ba?"

"Ba ke kika bar ni ba. Ni na bar kaina tun Filinge. Auta ta hwaɗa mani, mai tikiti ya hwaɗa mani, har wawan nan Magagi ya hwaɗa mani. Ki koma ki aje jakarki. Ki duba ruwan da kyau, don ni za ki ba labari."

Ya miƙa wa Naziru wayar kafin ta sake cewa wani abu.

Duk da haka ya ce a kai shi bakin ruwan. Ko da suka isa, jirgin ya janye daga gaɓa, wani abu kamar unguwa guda tana tafiya a kan ruwa. Tahiru ya tsaya riƙe da jakarsa yana kallo har ya ƙanƙance.

Can Naziru ya matso, ya sunkuyar da kai. "Baba, mu je gida. An gyara maka ɗaki."

Wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da surukinsa a ƙasar Kurfai ya san nauyin wannan magana. Dattijon da ko ruwa ba ya sha a gaban mijin ɗiyarsa, yau zai kwana bakwai a gidansa, su biyu, shi ke dafa masa, shi ke nuna masa alƙibla.

Tahiru ya juyo daga kallon ruwan. Sannan ya ce, "Naziru, ranar da za su dawo, ƙarhe nawa anka ce?"

"Takwas na safe, Baba."

"Wa ya hwaɗa maka?"

"A takardarsu yake."

"To in mun je gida ka karanta mani takardar nan duka, tun daga farko. Sannu sannu."

Darasi: Sanin hanyarka ba sanin kowace hanya ba ne. Malam Tahiru bai yi laifi don ya yanki tikitinsa da kansa ba, mutane da yawa suna yi su isa lafiya. Laifinsa shi ne ya ɗauki nauyin tafiyar a kansa, sannan ya auna ta da mudun tasharsu. In ka zaɓi ka tsara wa kanka, ka bar wa kanka sarari, ka tafi da wuri, ka saurari wanda ya riga ka bin hanyar ko da ɗiyar cikinka ce. In kuma kuskuren ya riga ya faru, kada ka ja wani ya biya tare da kai. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin tafiya, musamman wanda ya ce shi ba ya buƙatar a gaya masa.