Bai Taɓa Cin Sisin Kowa Ba

Akwai wani ɗan sanda da ban taɓa ba da labarinsa a shafin nan ba, don yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa.

A wurin aiki Hannu-a-Aljihu suke kiransa, saboda ko ruwan sha ka miƙa masa a bakin aiki, sai ya zura hannuwansa cikin aljihu. Shekara goma sha tara bai karɓi cin hanci ba.

Duk Asabar da yamma yakan zo gidana kallon wani shirin talabijin shi da mijina, wanda kafinta ne. A shirin akwai wani ɗan sanda mai farautar aljanun da ke shiga jikin mutane. Ba ya jiran takarda, ba ya jin maganar na gaba da shi. Ya ɓalle ƙofa, ya kulle mutum a inda ya ga dama.

Kullum sai sun yi musu.

Mijina ya ce, "Suruki, wannan mutumin naka gurɓatacce ne."

Yaya ya ce, "Kai dai tsaya a kan katakonka. Gurɓatacce shi ne mai ci. Wannan kangararre ne kawai. Ka taɓa ganin ya ci na wani?"

"Ai ci iri-iri ne."

"To, ni dai da irinsa goma ne a ofishinmu, da ɓarayi sun koma noma."

Ina daga kan keken ɗinkina ina yi musu dariya.

Ana nan sai aka fasa wani shago a layin bayan ofishinsu. Zuciyar Yaya ta tsaya a kan wani mai wanki da guga da ke kusa da shagon. Ya kamo shi, amma ba shi da shaida. Ya san in ya rubuta sunansa a littafin tsararru da ke kan kantar ofis, kafin la'asar za a sa ya sake shi. Sai ya ƙi rubutawa. Ya kai shi sito, inda ake jibge tsofaffin tayoyi da fayil-fayil, ya kulle, ya ce in ya ji zafi zai yi magana. Ya tafi wani aiki da makullin a aljihu.

Mutumin yana da ciwon asma.

Da rana matarsa ta zo da abin shaƙarsa a hannu. Ɗan sandan da ke kan kantar ya buɗe littafi, ya bi da yatsa har ƙasa, ya ce, "Baiwar Allah, mijinki ba ya nan." Sau biyu tana dawowa. Tsakaninta da mijin nata bango ɗaya ne.

Da Yaya ya buɗe siton, sai gawa. Bayan kwana tara aka kama ɓarawon, wani ne daban.

An kori Yaya daga aiki, shari'a kuma ta yi ta jan ƙafa. Ya ci gaba da zuwa ran Asabar, amma a tsakar gida yake zama. Da zarar na cikin shirin ya fara dukan ƙofa, sai in ga Yaya ya dafe aljihunsa.

Wata rana ya ce, "Auta, wa ke tari a ɗakin nan?"

Na ce ba kowa.

"Tun ɗazu nake ji."

Mijina ya fito ya zauna kusa da shi. Yaya bai dube shi ba ya ce, "Na gane wani abu. Shi na cikin talabijin, wanda ya rubuta wasan ya riga ya gaya masa waye aljanin. Ni ba wanda ya gaya min."

Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: in je wurin matar in nema masa gafara. Ya ce, "Ki gaya mata ba don kuɗi na yi ba. Ban taɓa cin sisin kowa ba."

Na same ta tana guga a kan teburin mijinta. Na faɗa mata yadda ya ce. Ta ajiye dutsen gugar, ta dube ni.

Ta ce, "Da ma ya ci, 'yar'uwa. Da mai ci ne, da na sayar da dutsen nan na ba shi, ya sako min mijina."

Na juya na fito. Na dawo na tarar Yaya ya zuba wa ƙofa ido. Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ji."

Kwana uku bayan nan ya cika. Har yau ban san ko ya gane ba. Shirin nan kuwa ana ci gaba da nunawa, amma a gidana ran Asabar talabijin a kashe take wuni.

Darasi: Ba cin hanci kaɗai ake kira ci ba, akwai cin zali, akwai cin amana. Ko ka kira shi gurɓatacce ko kangararre, wanda aka kulle bai ga bambanci ba. Dokar da kake ganin tana ɓata maka lokaci, wataƙila ita ce numfashin wani. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da makulli, ku kuma sa mai wankin da yayana cikin addu'a.