Janar da Rundunarsa ta Cikin Waya

Akwai wani mai aski da abokan wasansa na waya suka laƙaba wa suna Janar.

Wasan na yaƙi ne, amma na dabara. Ana ba ka jarumai biyar a fili mai gida-gida. Mai garkuwa a gaba, mai baka a baya, mai magani yana bin wanda aka ji wa rauni. Ka matsar da naka, abokin gaba ya matsar da nasa, bi da bi. In lokacinka ya ƙare ba ka motsa ba, an tsallake ka.

Da farko sai shago ba kowa yake taɓawa. Da ya gwanance, aka naɗa shi shugaban runduna, mutanen da ko muryarsu bai sani ba. Daga nan wasa ya zama wajibi. Kullum da safe akwai karawa da wata runduna, in bai shiga ba duk su sha kashi.

Daɗin ya daɗe da fita. Ya taɓa goge wasan, amma kafin azahar ya dawo da shi, don kunyar a ce Janar ya gudu. Har mutum ya taɓa bari a kan kujera da rabin kai a aske.

Ana haka mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce a riƙa kama shi yana takawa kowace safiya. Yayarsa ta ɗauki girki da wanki, shi aka bar masa wannan.

Wata safiya Baba yana zaune a bakin gado, ya ce, "Zo ka kama ni, in ɗan taka zuwa ƙofa."

"Baba, bari in gama wannan zagayen."

An ritsa jarumansa a kan wata gada, mai maganinsa ya kusa mutuwa. Zagaye ya ƙare, wani zagayen ya shigo. Baba ya jira har ya gaji, ya lalubi sandarsa ya miƙe shi kaɗai.

Ƙarar faɗuwar ce ta ɗago kan Janar. Yayarsa ta shigo da gudu, ta same shi durƙushe yana ƙoƙarin ɗaga tsohon da hannu ɗaya.

Ta dubi ɗaya hannun da ke riƙe da waya, ta ce, "Ko yanzu ma ba ka ajiye ta ba?"

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Janar yana zaune a benci ya rubuta wa runduna abin da ya faru, ya ce ya sauka. Mutum ɗaya ya ce Allah ya sawwaƙe. Na biyu ya ce, "To tura wa wani shugabancin kafin karawar gobe." Kafin a fito da Baba daga ɗakin tiyata, sun yi sabon shugaba.

Baba bai sake takawa da ƙafarsa ba, sai keken guragu. Ranar da aka sallame su, ya ga ɗansa ya kasa haɗa ido da shi, ya dafa hannunsa.

"Ni ne na yi gaggawa. Kada ka ɗora wa kanka."

Faɗan Yaya duk bai ƙona shi kamar wannan maganar ba. Ya sunkuyar da kai, ya tura keken zuwa mota.

Darasi: Wasa ba laifi ba ne, amma duk wasan da ya hana ka amsa kiran iyayenka ya riga ya ɗaure ka. A cikin waya ana maye gurbinka nan take, a gida kuwa babu mai tsaya maka. Tura wannan ga ɗan'uwan da waya ta riƙe, tun yana da wanda zai kama.