Kati na Arba'in

Na rantse ba za ku yarda da wannan labarin ba, balle da kuka san daga bakin wa ya fito. Amma ku daure ku karanta.

Akwai wani tantiri a wani ƙauye da mota ba ta shiga sai rafi ya janye. A aji uku ya yi sallama da makaranta, amma har yau Farfesa ake ce masa. Shi ne ya taɓa sa wa jakin maƙwabcinsa wando ya kora shi kasuwa. Kada in wahalar da ku, ni ne.

Sau ɗaya a shekara 'yan mishan suke sauka a ƙauyen da ke gaba da namu. Shugabarsu wata tsohuwar likitar ido ce, Mama Likita. Aji ɗaya na firamare suke sharewa, su rufe tagogi da farin yadi, su haɗa tebura biyu, su tada janareto. Su yi addu'arsu cikin sunan Yesu, sannan su hau cire wa mutane yanar ido kyauta, ba ruwansu da addinin da kake bi.

Ni abu ɗaya na lura da shi: duk wanda aka sallama, da baƙin tabarau mai sheƙi yake tafiya gida. Na ce ai wannan don fuskata aka ƙera shi.

Na sami sanda da tsohuwar riga, na juya idanuna sama, na shiga layi ina lalube. Fasto ne yake raba kati a bakin ƙofa, guda arba'in cif, domin ɗan gilashin da ake dasawa cikin ido arba'in suka iya kawowa. Ya kaɗa hannu a gaban fuskata, ko ƙiftawa ban yi ba. Ya danƙa mini na arba'in.

A bayana akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, mijinta ne yake ja mata sanda. Kwana biyu suka yi a hanya.

Fasto ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, ya ƙare. Sai baɗi."

Mijin ya ce, "Baɗi? Fasto, dube mu da kyau. Wa ya yi mana alkawarin baɗi?"

Ta ce, "Bari, Malam. Na ji muryar na gabana, da sauran ƙuruciyarsa." Ta laluba ta dafa kafaɗata. "Ɗana, ni na ga duniya na ƙoshi. Shiga, Allah ya buɗe maka."

Ni kuwa na shige abina.

Aka kwantar da ni a tebur. Na ji ƙarafa suna ƙara a faranti. Na ce, "Ina tabarau ɗin?" Nas ta ce, "Sai an yanka tukuna." Jama'a, ni ban san da yanka ba!

Mama Likita ta matso. Hannunta rawa yake yi kamar ganye, har tocilan yana kaɗawa. Ta haska idona sau ɗaya ta kashe.

"Ɗana, idon nan ko allura ta faɗa yashi zai gano ta. Wa aka mayar gida saboda kai?"

Na ce, "Wata tsohuwa ce."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Man janareto na awa ɗaya ya rage. In ba ta kwanta a nan kafin ya ƙare ba, da duhunta za ta koma. Tashi."

Na yar da riga da sanda na fita ta taga. A bakin rafi na cim musu, har sun tsallake. Na ce an sami kati ɗaya. Na goya ta na faɗa ruwa, tsohon yana binmu yana haki.

Mama Likita ta ce in tsaya in riƙe kan tsohuwar. A nan na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Likitar ta rufe ido ta yi 'yar addu'a, ta ɗauki wuƙar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Hannun nan mai rawa ya tsaya cak. Ta zaro yanar, ta zura gilashin, ko numfashinta ban ji ba. Tana ajiye wuƙa rawar ta dawo. Ba a jima ba janareto ya yi tari ya mutu.

Washegari da hantsi aka jera su a inuwa ana kwance bandeji. Da aka zo kan Iya, ta daɗe tana juya tafin hannunta. Sannan ta ɗago ta dubi mijinta.

"Malam! Haka ka tsufa ba ka gaya mini ba?"

Tsohon ya fashe da kuka, jama'a suna dariya suna share hawaye. Ni kuwa na cije: "Ai ni na ceto aikin nan."

Ta waigo. "Sannu, makahon jiya. Tun a rafi na gane muryarka, na yi shiru ne kada ka yar da ni a ruwa."

Idanu sababbi fil guda arba'in suka zubo mini.

Mama Likita ta miƙo mini takarda. "An ce Farfesa ne kai, to karanta. Mutum goma sha ɗaya ne da ba su iya zuwa ba don babu mai ja musu sanda. Baɗi kai za ka kawo su, ɗaya bayan ɗaya."

Mijin Iya ya ce, "Kafin baɗi, an hana ta jiƙa ido, kuma rafi uku ne tsakaninmu da gida. Durƙusa, Farfesa."

Na durƙusa.

Darasi: Abin da ka karɓa don wasa, wani da shi zai ga duniya. Kada ka shiga layin taimakon da ba ka bukata. Ku tura wa duk wani Farfesa da kuka sani.