Abin da Mahaifiyar Dakta Fariborz Ta Gani ta Taga

Akwai wani mutum a nan Hamburg, Dakta Fariborz, wanda duk abin da ya faru a Iran shi gidajen talabijin suke kira ya yi sharhi. Ya iya magana, kwat ɗinsa kullum a goge. Idan aka kama 'yan jarida, sai ya gyara tabarau ya ce a duba ɓangarorin biyu. Idan aka rataye wani, sai ya ce lamarin yana da sarƙaƙiya. Har matasanmu, 'yan Iran mazauna nan, suka laƙaba masa Dakta Sarƙaƙiya.

Kowa ya san dalili. Yawancinmu ba mu isa mu taka filin jirgin Tehran ba, amma shi duk lokacin zafi yana tafiya Shiraz wajen mahaifiyarsa, Hanum Tahire. Ya dawo mana da busasshen lemun tsami da ruwan fure, mu karɓa da godiya, mu ci namansa a bayan idonsa.

Mutum ɗaya ne yake kare shi, amininsa Hushang mai kantin magani. Tare suka zo karatu suna samari, ɗaki ɗaya suka zauna.

"Ku ƙyale shi," in ji Hushang. "Uwa gare shi a can. Ku da kuka kwaso naku, baki ya yi muku sauƙi."

Hushang yana da ɗa a Shiraz, Siyamak, na matarsa ta fari, yana jami'a. Duk Alhamis yaron yakan leƙa Hanum Tahire, ya kai mata burodi, ta cika shi da shinkafa da faɗan ya rame.

Da zanga-zanga ta ɓarke, jami'an tsaro suka biyo ɗalibai. Siyamak ya nufi gidan da ya sani, suka cim masa a bakin ƙofar tsohuwar. Ta taga take kallo. Kafin ta sauko da sandarta, sun ja shi sun jefa a mota.

Ta kira ɗanta a waya.

"Fariborz, da idona na gani. Da kulake suka fasa masa kai, yana kiran sunana."

"Mama, a waya muke fa!"

"To su ji mana. Me ya rage da za su ɗauka a wurina?"

Siyamak bai rayu ba. Hukuma ta ce yaron daga saman rufi ya faɗo. A makon aka zaunar da Dakta Fariborz gaban kyamara, mai gabatarwa ta ce dangi suna cewa dukansa aka yi. Ya tuna fasfonsa, ya tuna tsohuwar da ba ta da kowa sai shi.

"Yaron nan kamar ɗa yake a wurina," in ji shi. "Amma gaskiya babu wanda ya ga abin da ya faru. Mu jira bincike, kada fushi ya yanke mana hukunci."

Gidan talabijin na gwamnatin Iran ya yanki wannan maganar ya yi ta maimaitawa: ga ma aminin uban yaron ya faɗa.

Daga ranar Fariborz ya daina cin abinci da daɗi. Matasa suka yi ta zaginsa a intanet, suna kiransa lauyan azzalumai, amma zagin bai dame shi kamar shirun Hushang ba.

Bayan addu'ar arba'in, kamar yadda muka saba, sai wani na jiki ya kai wa mai makoki tufa mai launi, ya roƙe shi ya cire baƙi. Wannan aiki na Fariborz ne, ba wanda ya fi shi kusa. Ya sayi riga shuɗiya ya tafi.

Hushang ya karɓe shi, ya zuba masa shayi, ya ajiye kunshin a kan tebur bai buɗe ba.

"Ɗan'uwa, dube ni," in ji Hushang. "Siyamak faɗowa ya yi?"

"Hushang, ka san Mama tana can..."

"Ashe ka sani."

Fariborz ya sunkuyar da kai.

"Shekaru nawa ina wanke ka a gaban mutane?" Hushang bai ɗaga murya ba. "Da ka yi shiru ma, da na fahimta. Amma ka sa kwat, ka ce ɗanka ne, sannan ka mayar da shi maƙaryaci a kabarinsa. Ɗauki rigarka. Ba hannunka ne zai cire mini baƙi ba."

Ku za ku ce nan zai farka. Ina! Lokacin zafi na zuwa ya yanki tikiti. A filin jirgi ko jakarsa ba a buɗe ba. Jami'in da ya buga masa hatimi har da murmushi: "Dakta, muna kallon shirinka, Allah ya ƙara basira." Wannan yabon ya fi duk zagin da aka yi masa zafi.

Mahaifiyarsa ta buɗe ƙofa sanye da baƙi. Ba ta rungume shi ba. Ta kai shi ɗakin baƙi, ta kawo shayi a kofunan da ake ajiyewa don manyan mutane.

"Mama, ni ne fa. Me ya sa kike min kamar baƙo?"

"Dakta ne ya zo, ai dole a girmama. Na gan ka a talabijin. Ka ce babu wanda ya gani." Ta nuna ƙirjinta. "Ni ba kowa ba ce ke nan? Da hannuna na wanke jinin yaron nan a dandamalin ƙofar da ka tako yanzu."

"Saboda ke na yi, Mama. Da na faɗa, ba zan sake ganinki ba."

Tsohuwar ta yi tsaki, hawaye na zuba.

"Kada ka kuskura ka ɗora mini. Ƙafata ɗaya a kabari, za ka ɗaura mini jinin ɗan mutane in tafi da shi? Uwarsa tana wucewa ta nan, ba na iya ɗaga ido in dube ta. Gara min ɗan da ke nesa ina alfahari da shi, da wanda ke zaune a gabana ina jin kunyarsa."

Ya durƙusa ya kama hannunta yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bar masa hannun, amma ba ta ce ta yafe ba. Ranar da zai koma, ta daɗe tana shafa fuskarsa. Su biyun sun san bankwanan ƙarshe ne.

Da ya dawo, ya nemi a ba shi fili a gidan talabijin ɗin da ya yi waccan hirar.

"Na yi ƙarya," in ji shi. "Na san dukan Siyamak aka yi tun kafin in zauna a nan. Ba shi kaɗai ba ne na yi wa haka. Na saya wa kaina hanyar gida da 'ya'yan mutane."

Ba a tafa masa ba. Matasa suka ce ya makara, kuma gaskiyarsu ce. Waɗanda suke yabonsa a da suka kira shi maci amana. Hanyar Shiraz ta rufe.

Kafin shekara ta zagayo, Hanum Tahire ta rasu. Wani maƙwabci ya yarda ya nuna masa jana'izar ta waya. Fariborz yana zaune shi kaɗai a falo, riƙe da wayar yana kallo, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hushang ne, har yanzu cikin baƙi.

Bai yi masa gaisuwa mai tsawo ba. Ya zauna kusa da shi, ya karɓi wayar ya jingina ta da tukunyar shayi.

"Haka ake yi," in ji Hushang. "Ni ma a haka na binne Siyamak."

Darasi: Duk wanda aka ba shi bakin magana a madadin mutane, amana aka ba shi. Idan tsoro ya hana ka faɗin gaskiya, to kada ka ara wa azzalumi muryarka, kuma kada ka fake da sunan waɗanda kake ƙauna, domin su ne za su fara jin kunyarka. In ka riga ka yi, ka koma inda ka yi ƙaryar ka janye ta da bakinka, ko da ba za a yafe maka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu yawan mabiya.